Ranar da Fom Ɗina Ya Ba Ƙane Gonar Gandu

Har yau ban manta da safiyar Larabar da Malam Isyaku ya kira ni daga ƙasar Bagwai ba. Ina zaune a ofis, na cire takalmi ina shan kunun gyaɗa, kaina ya kumbura saboda aikin farko da na yi ni kaɗai ya fita ba tare da kowa ya yi ƙorafi ba. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Malama Bilkisu, fom ɗin nan naki ya raba gida." Na yi dariya, don na ɗauka zolayarsa ce ta kullum. Shi bai yi dariyar ba.

Tunda yawancinku sababbi ne a ofishin nan, wasu masu karanta wannan kuma ba sana'armu suke yi ba, bari in fara da bayanin inda nake a lokacin. A aikin manhaja akwai masu kula da baya, wato inda bayanai suke zama a ajiye. Akwai kuma masu kula da fuska, wato abin da mutum yake gani a allon waya yana taɓawa: maɓalli, gurbin rubuta suna, jerin zaɓi, kalanda, wurin ɗaukar hoto. Ni ina ɓangaren fuska, a mataki na can ƙasa, wata takwas da kama aiki. A samana akwai Injiniya Kabiru, shugaban sashe, wanda sai ya duba aiki ya sa hannu kafin a miƙa wa mai shi. Kamfaninmu na lokacin ƙarami ne, mu bakwai ne har da direba, a saman wani bene a cikin Kano.

Babu mai zama ya ƙera maɓalli da kalanda daga farko a kowane aiki. Wasu mutane a wasu ƙasashe sun riga sun ƙera su sun zuba a intanet, wasu kyauta, wasu na saye. Kai dai ka ɗauko ka jona, ka canza launi da rubutu. Abokan aikina da sunansu na Turanci suke kiransu, amma ni tun zuwana nake ce musu 'yan kanti, kamar yadda ake cewa riga 'yar kanti idan ba tela ne ya auna ka ya ɗinka ba. Sunan ya bi ofis, har yau kuna faɗa ba ku san daga inda ya fito ba. Kuma kada wani ya ɗauka zaginsu na zo yi. 'Yan kanti sun rufa mana asiri sau ba adadi, aikin da zai ci wata biyu sai ka gama shi a sati guda. Har gobe da su nake aiki.

Aikin da aka ba ni na wata ƙungiyar manoma ne da ke da mambobi a ƙauyukan Bagwai da Tofa. Suna so su yi wa mambobinsu rajista kafin ruwa ya sauka, don su raba musu ingantaccen irin gero da dawa da wake, kowa gwargwadon gonarsa. Sun zo mana a makare, kamar yadda masu kawo aiki suka saba, saura sati uku a fara. Sharaɗinsu ɗaya ne mai nauyi. Yawancin ƙauyukan babu sabis, don haka dole fom ɗin ya riƙe bayanai a cikin babbar wayar ƙungiya har sai an fito inda ake samun intanet.

Na yi yini guda ina bincike, sai na yi kiciɓis da wata 'yar kanti da ta haɗa komai. Tana da gurbin suna da na lambar waya, tana ɗaukar hoto, tana ajiya ba tare da intanet ba, kuma idan ka gama sai ta fito maka da wata koriyar alama mai sanyaya zuciya. Masu ita sun rubuta bayanin yadda take aiki, shafi shida. Na karanta biyun farko, inda kyawawan hotuna suke, na ce sauran ai maimaici ne. Cikin kwana biyu na jona ta, na mayar da rubutunta Hausa.

Malam Isyaku shi ne malamin gona na ƙungiyar, shi zai riƙa yawo da wayar ƙauye-ƙauye. Mutum ne siriri mai son tsokana, ba ya rabuwa da goro. Da ya zo ofis ya ga fom ɗin, ya ce gurbin gona guda ɗaya ba zai isa ba, sai an yi biyu, na gandu da na gayauna. Ni 'yar cikin gari ce, iyakar nomana tukunyar na'ana'a ce a bayan ɗakin Umma, don haka sai da ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Gandu ita ce babbar gonar gida, wadda uba da 'ya'yansa ko wa da ƙannensa suke nomawa tare. Amfaninta rumbu ɗaya yake shiga, tukunya ɗaya ake ci, kuma babban gida ne yake riƙe da ita. Gayauna kuwa ɗan abin da kowa yake nomawa ne na kansa bayan an tashi daga gandu. Muka tsara cewa babban gida ne kaɗai zai cika gurbin gandu, sauran su bar shi babu komai, su cika na gayauna.

Ƙa'idarmu ita ce a yi gwaji kafin a saki aiki, kuma mun yi. Mu bakwai muka yi rajista ɗaya bayan ɗaya, har da direba, kowa da lambar wayarsa, wasu ma suna tambaya ko su sa layinsu na biyu. Komai ya tafi daidai. Injiniya Kabiru ya sa hannu, Malam Isyaku ya ɗauki waya ya tafi, bayan kwana goma sha biyu ya fito gari ya turo bayanai. Na fitar da jerin sunaye na tura masa, ya buga a takarda.

Ga abin da ya faɗa mini a waya a wannan Larabar. Jiya Talata aka yi rabon iri a wani ƙauye, a ƙofar gidan mai unguwa. Ba zan kira sunan ƙauyen ba. Yadda ake yi shi ne a karanta suna da ƙarfi, da gonar mutum, da abin da ya samu, kowa yana ji. A wasu gidaje sai aka nemi sunan babban gida aka rasa, aka kuma ji sunan ƙarami ɗauke da gonar gandu. Yawancinsu sun yi gunaguni, sun ɗora wa Malam Isyaku laifi, sun ɗauki iri sun tafi. Amma a gida ɗaya abin ya taɓa inda dama yake ciwo.

Gidan na 'yan'uwa biyu ne, Baba Haladu da ƙanensa Ɗanlami. Tun rasuwar mahaifinsu, sama da shekara ashirin, ba su raba gonar gado ba. Baba Haladu ya haura sittin, shi yake riƙe da gandu. Ɗanlami ya kusa hamsin, yana haɗa noma da cinikin awaki a kasuwanni, kuma shi kaɗai ne mai waya a gidan. A bara ya taɓa kawo maganar a raba gonar, wansa ya roƙe shi ya bari, ya bari. To, a gaban jama'a sai aka karanta, "Ɗanlami, gonar gandu, eka shida." Baba Haladu ya zauna har aka kai ƙarshen takarda bai ji sunansa ba. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Allah ya sanya albarka," ya tafi gida.

"Jiya da yamma ya ce wa matarsa ta kafa nata murhun," in ji Malam Isyaku. "Yau da safe girki biyu aka yi a gidan. Kuma ya aika wa mai unguwa cewa jibi Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, a je a auna gona a raba. Ya ce tunda ƙanensa ya rubuta ta da sunansa a ɓoye, gara kowa ya san nasa kafin a yi shuka."

Kunun bai ƙara shiga bakina ba. Na buɗe bayanin 'yar kantin nan na fara daga shafi na uku, a shafi na huɗu na sami abin da nake nema. Kowane fom irin wannan yana buƙatar abu ɗaya da zai riƙa gane mutum da shi, masu ita kuma sun zaɓi lambar waya. A lissafinsu, mutum ɗaya lamba ɗaya. Idan aka sake shigar da lambar da take ciki, sai fom ɗin ya ɗauka mutumin farko ne ya dawo gyara. Duk abin da aka rubuta sabo sai ya maye gurbin tsohon, duk gurbin da aka bari babu komai kuma sai ya riƙe abin da yake ciki a da. Ba ya tambaya, ba ya gargaɗi, koriyar alamarsa kawai yake fitarwa. Sun ma rubuta yadda za ka canza wannan tsarin idan bai dace da kai ba. Layi ɗaya ne tak.

A shafi na biyar na ga cewa tana ajiye tarihin duk abin da aka goge, na yi hamdala. Na buɗe tarihin na ga komai a jere. Ƙarfe goma da minti goma sha biyu, Haladu, gandu eka shida. Bayan minti bakwai, a kan lamba ɗaya, Ɗanlami, gayauna rabin eka, gurbin gandu babu komai. Sunan ƙane da hotonsa suka hau kan na wa, gonar gandu ta tsaya inda take. Na duba sauran gidajen masu waya ɗaya, goma sha wani abu, duk haka ne, kuma a kowane gida babba ne ya ɓace. Na sake kiran Malam Isyaku na tambaye shi me ya sa ba a sami ko gida ɗaya da ƙarami ya fara ba.

Ya ce, "Haba Malama. Wa zai shiga gaban wansa a layi? Babba ne yake fara zama, sai ya tashi na bayansa ya matso."

Wato ladabinsu ne ya ba fom ɗina damar share manyansu ɗaya bayan ɗaya. Da rige-rige suka yi kamar yadda muke yi a layin banki, da ɓarnar ta watsu ta ko'ina, da kowa ya gane kuskuren na'ura ne.

Na kai wa Injiniya Kabiru maganar. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya faɗa, amma ba ya son doguwar magana. Ya ce, "Gyara layin, ki dawo da sunayen daga tarihi, ki fitar da sabon jeri. Ki rubuta wa ƙungiya cewa matsalar daga 'yar kantin ce. Nan da azahar an wuce wurin." Raina ya so wannan shawarar ƙwarai, don ta wanke ni tas. Kafin azahar ɗin na gama, na sanar da Malam Isyaku.

Ya ce, "Takarda ce ta ɓata, kina ganin wata takardar za su yarda da ita? Cewa za a yi an kama mu ne muka gyara. Ni ma fa ana cewa da hannuna a ciki, wai Ɗanlami ya ba ni akuya. In dai ba wanda ya yi abin nan ne ya zo da ƙafarsa ba, ranar Juma'a za a sa igiya a gonar nan."

Na koma wurin Injiniya na ce zan je. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Direba ya kai ki gobe. Amma don Allah kada ki yi musu lacca."

Ranar Alhamis muka kama hanya da sassafe. Bazara ta kai maƙura, zafi kamar a gaban tanda. Bayan mun bar kwalta na lura babu daji ko kaɗan a wannan ƙasa, gona tana taɓa gona, gida yana hango gida, an share ko'ina an jera tulin taki ana jiran ruwa. A nan na fara gane me ake nufi da a raba eka shida. Babu inda mutum zai je ya ƙaro.

Kasancewata mace ya yi mini rana, don Malam Isyaku a zaure ya tsaya, ni kuwa na yi sallama na shige cikin gida. A tsakar gidan akwai babban murhu, baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru, Hauwa matar Ɗanlami ta ɗora wata 'yar tukunya a kai da ko rabinsa ba ta cika ba. Can gefe, a ƙofar wani ɗaki, ga wasu duwatsu uku sababbi da wuta ba ta gama baƙanta su ba. A gabansu na sami Inna Kande, matar Baba Haladu, tana fifita wuta da faifai. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa. Da na faɗa mata ko ni wace ce, ba ta ɓata rai ba.

Ta ce, "'Yar nan, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa auna tsaba don ɗakina kaɗai ba. Hannuna bai san ƙaramin awo ba. Jiya tuwon da na yi sai da awaki suka taya mu. Ga Hauwa can, ni na karɓi haihuwarta biyar, yau muna gaisawa kamar baƙi a asibiti."

Kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba a wurin aiki.

Baba Haladu ya karɓe ni a zaure. Dogo ne, gemunsa fari, yana kaɗa igiyar rama a cinyarsa, kuma bai daina ba har na gama magana. Na yi daidai abin da Injiniya ya hana ni. Na yi bayanin lamba, na yi bayanin gurbi, na nuna masa tarihi a allon da ba ya iya karantawa, don shi ajami ya sani. Ya saurare ni da ladabin da ya fi zagi ciwo.

Ya ce, "Malama, na ji, kuma na gode da tattaki. Amma ni na fara zama. Na faɗi sunana, aka ɗauki hotona, na ga koren abu da idona. Na'ura ba ta san sunan Ɗanlami ba sai da aka gaya mata. Ba ta san gonar ubanmu ba sai da aka gaya mata. To wa ya haɗa su?"

Na ce ita ta haɗa su da kanta. Ya yi murmushi irin na wanda ya ji yaro ya ce kaza ce ta shanye man shanu, ya ci gaba da igiyarsa.

A waje na sami Ɗanlami tsugune a gindin darbejiya, idonsa ja. Bai ɗauki irin ba, buhunan suna nan jingine a zauren mai unguwa. Ya ce, "Na rantse masa da duk abin da ake rantsuwa da shi. Har wayar na kai masa na ce ya riƙe, ya ce in bar shi ya ji da abu ɗaya. Gaskiya ne bara na yi maganar rabo, ban ɓoye ba, a gabansa na yi. Amma in zagaya bayansa in rubuta gona? Mutumin da ya yi mini aure?"

Ina tsaye a wurin na tuna cewa babbar wayar da ke jakar Malam Isyaku ba ta shiga intanet ba tun kafin gyaran da na yi jiya, wato tsohon fom ɗin ne a cikinta, da ciwonsa yadda yake. Na ce masa mu je wurin mai unguwa.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa, a daidai inda aka karanta takardar. Mai unguwa dattijo ne mai raha, ya yi firamare, yana karanta boko. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina roƙon ya ara mini sunansa da gonarsa na minti biyar. Ya ce in dai zan dawo da su. Na rubuta sunansa, na ɗauki hotonsa, ya faɗi gandunsa na bakin rafi, eka goma. A gurbin waya na sa lambata. Koriyar alama ta fito, na ɗaga allon kowa ya ga fuskar mai unguwa.

Sannan na roƙi Baba Haladu ya matso. Ya noƙe, mai unguwa ya ce, "Zo mana, Haladu, ai ba allura ba ce." Na tambaye shi sunansa da gayaunarsa kawai. Na nuna wa mai unguwa cewa gurbin gandu babu komai a ciki, ya tabbatar wa jama'a. Na sake sa lambata, na ɗauki hoto, koriyar alama ta fito. Na buɗe jerin na miƙa wa mai unguwa na ce ya karanta da ƙarfi.

Ya nisanta allon da fuskarsa, ya karanta, "Haladu, gonar gandu ta bakin rafi, eka goma." Ya shafa allon sama da ƙasa yana neman kansa, babu shi, sai fuskar Baba Haladu kaɗai. Sai wani daga baya ya tuntsire da dariya, sauran suka bi.

Mai unguwa ya ce, "To, Haladu. Ashe kai ma ka daɗe da sa wa gonata ido."

Baba Haladu ya ce, "Ni ban ce a ba ni ba. Kowa yana ji, gayaunata kawai na faɗa."

"Shi ma yaron nan abin da ya faɗa ke nan," in ji mai unguwa, yana nuna Ɗanlami da haɓa.

Baba Haladu bai yi dariya ba. Ya ce a sake, amma wannan karon shi zai fara, liman ya biyo baya. Aka sake. Ya kafa wa allon ido har lokacin da hotonsa ya ɓace na liman ya hau kan eka shidan ubansa. Da ya ɗago, ni ya duba.

"Malama, wanda ya ƙera abin nan, ba shi da wa ne?"

Na ce, "Baba, ban san shi ba. Ban taɓa ganinsa ba, a wata ƙasa yake."

Ya ce, "Ba ki san shi ba, kika kwashi sunayenmu da gonakinmu kika ba shi ya jera."

Tun daga Kano na taho da jawabina a shirye, cewa laifin 'yar kanti ne. A wurin ya narke. Na ce, "Laifina ne, Baba. Shi ya rubuta yadda abinsa yake aiki, ni ce ban karanta ba. Kuma ban tambayi yadda kuke riƙe waya a nan ba, na ɗauka kamar mu ne. Malam Isyaku bai san komai ba, Malam Ɗanlami bai san komai ba. Ku yafe mini."

Ya ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Na zaci zai juya ya ba ƙanensa haƙuri, amma babban gida ba ya yin haka a bainar jama'a, kuma babu wanda ya jira hakan sai ni. Miƙewa ya yi ya sa takalmi, ba tare da ya waiwaya ba ya ce, "Ɗanlami, buhunan can a zauren mutane za su yi damina ne? Ɗauko ka kai gida." Ɗanlami ya ce, "To, Yaya," ya tashi da sauri kamar ɗan shekara goma. Mai unguwa ya ɗaga murya ya ce, "Maganar gobe fa, Haladu?" Ya amsa yana tafiya, "Wace magana?"

Da na shiga yi wa Inna Kande sallama, labari ya riga ni isa. Ta juye miyarta a tukunyar Hauwa, ta mirgina duwatsun nan uku ta kai gindin randa. Ta cika mini leda da daddawa da busasshiyar kuɓewa, na ce ba zan karɓa ba, ta ce in ban karɓa ba to ban yafe musu wahalar hanya ba. A mota na yi kuka, direba ya yi kamar yana neman tasha a rediyo.

Sauran aikin na ofis ne. Na sa fom ɗin ya riƙa ba kowane mutum lambar rajistarsa ta kansa, lambar waya kuma ta maimaitu ko sau goma ne. Idan ta maimaitu sai ya tsaya ya tambaya, mutum ɗaya ne ko wani daban. Malam Isyaku ya bi sauran gidajen da tsohon fom ɗin yana yi musu irin wasan da muka yi, har ya ƙware ya fi ni, ƙungiya kuma ta cika wa kowa irinsa kafin ruwan farko. A takardar da na rubuta wa ƙungiya ban ce laifin 'yar kanti ne ba. Injiniya Kabiru ya karanta, ya ƙara sunansa a gefen nawa, ya ce ai shi ma shafi na huɗun bai karanta ba. Na kuma rubuta wa masu 'yar kantin doguwar wasiƙa ina ba su labari. Suka amsa da ladabi cewa sun gode, kuma bayanin yana shafi na huɗu.

Abin da na koya shi ne 'yar kanti ba launi da maɓalli kaɗai take zuwa da su ba. Tana zuwa da zaton wanda ya ƙera ta game da yadda mutane suke zama, kuma wannan zaton ba ya fitowa a hoto. Gwajin da muka yi mu bakwai bai kama shi ba domin mu ma irin zaman mai ƙerawar muke yi. Na kuma koyi cewa gyaran layi ɗaya na minti biyar ne, amma ba ya mayar da komai daidai yadda yake. Gandun Baba Haladu yana nan ba a raba ba, tukunya ɗaya suke ci. Sai dai Malam Isyaku ya gaya mini cewa da kaka ta yi, tsohon ya sayar da wake ya sa aka sayo masa waya. Bai iya kira da ita ba, ba ya ma kunna ta. A leda yake naɗe ta a aljihun gaba, kuma duk inda aka ce za a rubuta suna sai ya fito da ita ya ajiye a gabansa, ya ce wannan tasa ce shi kaɗai.

Shi ya sa idan kun kawo mini aiki in sa hannu nake mayar da ku ku karanta har shafin ƙarshe, nake kuma tura ku ku yini tare da mutanen da za su taɓa allon. Kuma shi ya sa nake yi muku tambayar nan da kuke dariya a bayan idona, cewa wanda ya ƙera 'yar kantin nan yana da wa ko ba shi da shi. Tambayar ba tawa ba ce. Ta wani tsoho ce a ƙasar Bagwai, wanda na share sunansa a gaban mutanen garinsu saboda kawai ya fara zama.